Ajin Ann Arbor da Ɗaliban Latin Amurka

A shekarar 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka tana zawarcin maƙwabtanta na kudu ido rufe, gudun kada Jamus ta riga ta shiga zukatansu. Cikin dabarun da aka ɓullo da su har da gayyato ƙwararrun ma'aikata da ɗalibai daga ƙasashen Latin Amurka su zo ƙaro ilimi. Sai dai mutanen nan sun iso da Sifaniyanci a baki, Turancinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. A wannan shekara Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor ta buɗe cibiyar koyar da Turanci ga baƙi, aka ɗora Farfesa Charles Fries a kanta.

Fries ba mai son tara kalmomi ba ne. A littafin da ya fitar a 1945 ya tsaya kai da fata cewa ɗalibi ya fara mallakar sautin harshe da ginin jimla da 'yan kalmomi kaɗan, sauran su biyo baya. Ajin nasa kuwa sai wanda ya gani. Malami ya faɗi jimla, manyan mutane masu digiri su maimaita da baki ɗaya, ya jefo kalma guda, su sauya ta cikin jimlar, a sake, a kuma sakewa. Akwai dalili. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, don haka kunnen ɗalibin ba ya rarrabe "ship" da "sheep", kuma bakinsa ba ya iya fara "school" sai ya manna wasali a gaba.

Wanda ya fi burge ni a labarin shi ne almajirin Fries, Robert Lado. An haife shi a Tampa ta jihar Florida a 1915, iyayensa Sifaniyawa suka koma da shi gida yana ƙarami, sai da ya zama saurayi ya dawo ya koyi Turanci. Ya san inda ciwon yake, don ya ɗanɗana. A littafinsa na 1957 ya kasa kalmomi gwargwadon wahalarsu ga mai koyo: waɗanda suka yi kama a harsunan biyu da sauƙi, waɗanda suka yi kama amma ma'ana ta saɓa su ne tarko. Mace mai jin Turanci ta ji kunya ta ɗauko "embarazada" don ta yi kama da "embarrassed" ta Turanci, alhali a Sifaniyanci juna biyu take nufi.

Kamannin nan tsohon gado ne. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma yana riƙe da coci da makaranta. Dubban kalmomin shari'a da likitanci da mulki suka kwarara cikin Turanci daga tushen da ya haifi Sifaniyanci. Kamar Bahaushe ne da ya zauna koyon Larabci ya tarar da hukunci da adalci da shaida suna jiransa. Ko jerin kalmomin ilimi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mafi yawansu daga Latin da Girkanci suke.

A ganina nan ne tsofaffin littattafan suka gaza wa ɗalibin da ya wuce matakin farko. Jerin kalmomi kusan 2,000 da Michael West ya wallafa a 1953 an tsara shi ne bisa yawan amfani da kalma, ba ruwansa da harshen da ɗalibi ya tsotsa a nono. To ga ɗan Meziko ko ɗan Peru lissafin a juye yake. Doguwar kalmar da yaron Landan ke tsoro ita ce tasa ta gida. Abin da ke kayar da shi su ne gajerun aikatau na asalin Ingilishi da ake lanƙaya wa "up" ko "off" ko "out", ma'ana ta canza gaba ɗaya. Likita daga Bogota yana iya karanta mujallar likitanci ya gane kusan komai, ya fito bakin titi makanike ya yi masa bayanin abin da ya sami motarsa, ya tsaya yana kallon bakin mutumin.