Dillalin da Ya Sayar da Ƙasar da Babu Ita

A tarihin dillancin filaye, da wuya mai karatu ya samu kamar Gregor MacGregor, sojan nan ɗan Sikotland. A 1820 wani sarki a gaɓar tekun Honduras ta yau ya ba shi ƙungurmin daji. Yana isa Landan a 1821 sai ya ce ai ƙasa ce guda, Poyais, kuma shi ne sarkinta.

Yadda ya gyara hajar ne abin mamaki. Aka buga littafi mai shafi 355 na yabon ƙasar, aka zana mata babban birni, har takardun kuɗi aka yi mata. Eka ɗaya sule 2 da kwabo 3, daga baya ta kai sule 4. Bayin Allah suka miƙa masa tarin guminsu, ya ba su takardun banza.

Jirage biyu suka kwashi mutum wajen 250 a 1822 da 1823. Ba gari, ba gona, sai kurmi da sauro. Zazzaɓi ya kashe fiye da rabinsu. Abin takaici, wasu da suka tsira kare shi ma suka yi, wai laifin jagororin tafiyar ne. Kotun Faransa ta sallame shi a 1826. Ya mutu a Karakas a 1845, aka binne shi da girmamawar soja.