Jori Hamani: malamin makarantar da ya zama shugaban ƙasa na farko

A daren 14 wayewar 15 ga watan Afrilu na 1974, sojoji a ƙarƙashin jagorancin Laftanan-kanar Seyni Kunce suka auka wa fadar shugaban ƙasa a Yamai. Kafin gari ya waye an kashe uwargida Aisa, an kama mai gidanta, Jori Hamani. Talakawa ba su fito don kare shi ba. Ƙaƙa aka yi mutumin da ya karɓo wa Nijar ƴancin kai ya faɗi ba mai tallafa masa?

An haifi Jori a Sudure, kusa da Yamai, ranar 6 ga watan Yuni na 1916. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya dawo gida ya koyar, daga baya ya koya wa Turawan mulki Hausa da Zabarmanci a birnin Paris. A 1946, shi da abokansa suka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA, kuma a wannan shekarar aka zaɓe shi wakili a majalisar dokokin Faransa.

Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga watan Satumba na 1958 ita ta buɗe masa ƙofa. Jibo Bakari da jam'iyyarsa Sawaba sun nemi a ce «a'a», a karɓi ƴanci nan take. Jori ya goyi bayan «i», tare da sarakuna da gwamnan Faransa. «I» ta yi rinjaye, Jori ya zama shugaban gwamnati a watan Disamba. A 1959 aka haramta Sawaba, ranar 3 ga watan Agusta na 1960 kuwa ya yi shelar ƴancin kai.

A waje, sunansa ya ɗaukaka. Lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Najeriya, duk da cewa Faransa ta karkata ga masu neman ɓallewa, domin ya san cinikin Maraɗi da Damagaram a ɗaure yake da Katsina da Kano. A Yamai ne aka kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga watan Maris na 1970. Da aka soma haƙo uraniyom a Arlit a 1971, bai daɗe ba ya nemi Faransa ta ƙara farashi.

A gida kuwa, ƙofofi a rufe suke. Jam'iyya ɗaya ce, Bubu Hama na riƙe da majalisa, zaɓen 1965 da na 1970 babu abokin takara. Bayan hare-haren ƴan Sawaba a 1964 an harbe wasunsu a bainar jama'a, kuma gurnetin da aka jefa masa a masallacin idi a watan Afrilu na 1965 ya ƙara tsananta matsi. Shi ya sa da fari ya kama Sahel daga 1968, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka bushe, babu jam'iyyar adawa ko jarida mai zaman kanta da za ta kai masa kukan ƙauyuka. Zargin karkatar da hatsin agaji ya bazu a kan manyan gwamnati, kuma da wannan zargi ne sojoji suka kafa hujja. Sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa ba.

An tsare shi a Damagaram har 1980, sannan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai. Ali Saibu ya sake shi a 1987, bayan rasuwar Kunce. Ya rasu a Rabat, a ƙasar Maroko, ranar 23 ga watan Afrilu na 1989. Filin jirgin saman Yamai yana ɗauke da sunansa, kuma ya cancanta. Sai dai malamin da zai koyar da tarihinsa bai kamata ya tsaya ga 1960 ba: dole ya kai ɗalibansa har 1974, ya nuna musu abin da rufe bakin ƴan adawa ya jawo wa shugaban kansa.