Ƙafa Ta Gaza, Murya Ta Kai: Dandalin Treichville da Kasuwar Adjamé

A farkon shekarun 1980, duk saurayin da ke jin yana da murya a Abijan burinsa ɗaya ne: ya samu shiga shirin Première Chance na gidan talabijin ɗin ƙasa, RTI. Sunan shirin na nufin damar farko, mai gabatar da shi kuwa Roger Fulgence Kassy ne. A nan mutanen Kodebuwa suka fara ganin Alpha Blondy, kafin faifansa Jah Glory ya karaɗe Afirka ta Yamma.

Cikin samarin da suka riƙa sintiri a gidan akwai wani ɗan Treichville, Issiaka Kaba Diakité, haifaffen 1966, wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa tun yana ɗan shekara biyu. Gidan talabijin yana Cocody, shi kuwa yana tsallaken ruwa, sai an haye gada. Ga mai lafiyar ƙafa ma tafiya ce, balle shi. Bai fasa zuwa ba har ranar da Georges Kouakou, mai kaɗa fiyano kuma mai tsara kiɗa a ƙungiyar makaɗan RTI, ya ji muryarsa ya kai shi gaban Kassy. Daga nan duniya ta san shi da sunan Ismaël Isaac.

An saba ba da irin wannan labari da sunan jarumtar mutum ɗaya. Jarumtar tana nan. Amma akwai dubban masu irin zuciyarsa da suka tsufa a bakin titi ba wanda ya ji su. Abin da ya bambanta shi da su har da unguwar da ya tashi a cikinta da kasuwar da ta sayar da muryarsa, kuma kowaccensu tana da nata tarihin.

Treichville tana kan tsibirin Petit-Bassam ne, a cikin tafkin Ebrié. Asalinta ƙauyen Anoumabo ne na mutanen Ebrié. A 1934, shekarar da Abijan ta karɓi matsayin babban birni daga Bingerville, Turawan mulkin mallaka suka raɗa wa wurin sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya share musu hanyar mallakar ƙasar. Tsarin nasu a fili yake: Turawa da ofisoshinsu a kan tudun Plateau, baƙar fata kuma ko dai a kudu, a Treichville, ko a arewa, a Adjamé. Gadar da ke yawo bisa ruwa ce ta fara haɗa tsibirin da gari a 1931, sai a 1957 aka gama babbar gadar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Abin da ya cika unguwannin biyu da baƙi shi ne layin dogo da tashar jiragen ruwa. Layin, wanda aka sa wa suna Abidjan-Niger, ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Duk da haka 'yan Nijar sun zo, Hausawa da Zabarmawa, musamman bayan an haƙa mashigar Vridi a 1950 manyan jirage suka fara shigowa har cikin tafki. Wasu suka kama dako, wasu fataucin goro, wasu tireda da nama. Har yau sawunsu yana cikin bakin mutanen birnin: abincin da talakan Abijan ya fi ci, attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono, sunansa garba, kuma abin da aka fi faɗa shi ne ya samo sunan daga 'yan Nijar ɗin da suka shahara da sayar da shi.

Unguwar 'yan dako ce da rana, da dare kuma ta kiɗa. A wani gidan rawa na Treichville, Étoile du Sud, aka kafa jam'iyyar PDCI a ranar 9 ga Afrilu, 1946, abin da ke nuna cewa a lokacin ba wani zauren taro da baƙin mutum ke da shi da ya wuce inda yake rawa. A 1957 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir a waɗannan layuka masu lamba maimakon suna. Tauraron fim ɗin wani ɗan dako ne daga Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indochina, mai suna Oumarou Ganda. Wannan ɗan dakon ne ya koma gida ya zama mai shirya fim, har ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO ta farko a 1972 da Le Wazzou polygame. Tun kafin a haifi Issiaka ke nan, Treichville ta san yadda ake ɗaukar mutum daga ƙasan buhu a ɗora shi a gaban jama'a.

Idan Treichville ce dandali, Adjamé ce kasuwa. Nan ne babbar tashar mota, inda ƙananan bas-bas da ake kira gbaka ke juye fasinjan cikin gari, manyan motoci kuma ke lodin Bamako, Wagadugu, Yamai da Legas. A zamanin kaset, wanda ya bi titin Nangui Abrogoua ta wajen babban masallaci zai tarar da teburan masu sayar da kaset jere, kowane da rediyonsa a ƙure, mai saye ya nuna wanda yake so a sa masa ya ɗanɗana kafin ya biya. Direba ya saya, yaron mota ya saya, ɗan kasuwa mai komawa Maraɗi ya cusa goma a jaka. Kafin mako ya zagayo, waƙar da aka naɗa a Abijan tana tashi a rumfar mai shayi a wata ƙasa.

Wannan ƙaramar roba mai zare ta yi wa mawaƙi mai naƙasa abin da babu wata doka da ta yi masa. Kaset ba ya nuna ƙafa, ba ya nuna ido. Mai sauraro ya riga ya kamu da muryar kafin ya san yadda mai ita yake tafiya, idan kuwa daga baya ya gan shi a dandali, tauraro ya zo gani, ba abin tausayi ba. Gaskiya ne masu kwafar kaset ta bayan fage sun cinye wa mawaƙa kuɗi mai yawa, amma ko su sun taimaka wajen kai suna inda mai sunan ba zai iya takawa ba.

Shi ya sa Abijan ta zama matattara. Salif Keita, wanda aka tsangwama a gida saboda an haife shi zabiya, ya baro Bamako da ƙungiyar Ambassadeurs a 1978, kuma a Abijan suka naɗi Mandjou, waƙar da ta fito da shi duniya. Bayansa sai ga wasu ma'aurata makafi, Amadou Bagayoko da Mariam Doumbia. Ita ƙyanda ce ta tafi da ganinta tana 'yar shekara biyar, shi kuma yanar ido ta rufe nasa yana saurayi. Sun haɗu a makarantar makafi ta Bamako, suka yi aure a 1980. A ƙarshen shekarun 1980 suna Abijan, inda wani furodusa mai suna Maikano, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, ya fitar musu da jerin kaset-kaset. Na farkon ba komai a cikinsu sai jita ɗaya da murya biyu. Waɗannan kaset ne suka yi musu suna a yankin shekaru da dama kafin Dimanche à Bamako na 2004 ya kai su manyan dandalin Turai da Amurka. Amadou ya rasu a Bamako a watan Afrilun 2025.

Shi kuwa Ismaël Isaac, ba shi kaɗai ya fara ba. Ya haɗa kai da wasu 'yan'uwa, Hassan da Ousseine Keïta, suka fitar da Tchilaba a 1986. Reggae suke yi, amma da Julanci, harshen kasuwa da tasha, cike da kalmomin da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane. Rahman na 1990, wanda Ibrahima Sylla ɗan Senegal ya ɗauki nauyinsa, Boncana Maïga kuma ya sa hannu a tsara kiɗansa, shi ya fitar da su waje. Ana cikin haka Hassan ya rasu, tafiyar ƙungiyar ta tsaya. Ga Kassy ma, wanda ya buɗe masa ƙofa, ya riga mu gidan gaskiya tun 1989. Sai Ismaël ya sake ɗaura ɗamara shi kaɗai: kamfanin Island, wanda ya fitar da Bob Marley, ya ɗauke shi, Taxi Jump ya fito a 1993. Faifan da ya biyo baya bai nemo masa suna daga nesa ba, ya kira shi Treich Feeling.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu ba a ce mai naƙasa ya ci abinci da muryarsa. Ƙasar Hausa ta daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kuma ɗaya daga cikin manyan mawallafanta, Aliyu Namangi na Zariya mai Imfiraji, makaho ne. Sai dai al'ada ta fi ajiye irin wannan murya a ƙofar gida da bakin masallaci, inda ladanta sadaka ce. Abin da Abijan ta canza shi ne hanyar biyan: tikiti a ƙofa, kaset a tebur, kwantiragi a takarda.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya tashi da naƙasa da wanda ta same shi tsakar sana'a. Na farko ya gina salonsa a kan jikin da yake da shi. Na biyu sai ya rushe abin da ya iya ya sake koyo. Masu kallon finafinan Indiya a Kano da Damagaram sun san fuskar Sudha Chandran. Tana budurwa mai rawar gargajiya ta Bharatanatyam ta yi haɗarin mota a 1981, ciwon ya ruɓe, aka yanke mata ƙafar dama. Abin da ya mayar da ita fage shi ne ƙafar roba ta Jaipur, wadda likita P. K. Sethi da wani gwanin sassaƙa, Ram Chandra Sharma, suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960. Ƙafafun da ake kawowa daga Turai an yi su ne don mai takalmi da kujera. Ita wannan, ta roba da katako, tana lanƙwasa a idon sawu, mai ita ya tsuguna, ya tanƙwashe a tabarma, ya taka ƙasa ba takalmi, ya shiga ruwa. Da ita Sudha ta koma dandali a Bombay a 1984, ta kuma fito a fim ɗin Nache Mayuri na 1986 da aka gina kan labarin rayuwarta. Haka ma Rick Allen, mai ganga na ƙungiyar Def Leppard ta Ingila, wanda ya rasa hannun hagu a haɗarin mota ranar ƙarshe ta 1984: sai da aka ƙera masa ganguna masu lantarki da ƙafarsa ta hagu ke buga abin da hannun ke bugawa a da, abokan kiɗansa kuma suka jira shi, sannan ya dawo gaban jama'a a 1986.

A kowane ɗayan labaran akwai maƙeri, akwai kuɗi, akwai abokan sana'a da ba su maye gurbin mutum ba. A nan ne yankinmu ke da rauni. Yanzu ba shan inna ce babbar barazana ba, domin an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Ciwon suga da haɗarin babur su ne ke cin ƙafafu. Masana'antar Kannywood ta ga haka a kan Sani Idris Moda, wanda ciwon suga ya yi sanadin yanke masa ƙafa, a Nollywood ma an yanke wa John Okafor, wato Mr Ibu, ƙafa a ƙarshen 2023, ya rasu a watan Maris na 2024. Dokoki suna nan: Kodebuwa ta yi tata ta kare haƙƙin naƙasassu a 1998, Najeriya a 2019. A Bonoua, gabas da Abijan, cibiyar Don Orione ta daɗe tana yi wa masu matsalar ƙafa aiki da haɗa musu abin takawa. Amma ɗan wasan da ciwo ya kwantar, yawanci abin da ke biyan kuɗin asibitinsa shi ne karo-karon abokai da roƙo a Facebook.

Zamanin kaset ma ya wuce. Teburan Adjamé sun koma na waya da caja, musamman a kasuwar da ake kira Black Market, kuma waƙar yau da bidiyo take tafiya, wato ido ya dawo cikin ciniki.

Treichville dai ba ta sauka daga matsayinta ba. A bakin tafkinta aka buɗe Palais de la Culture a 1999, wanda ƙasar Sin ta gina, kuma nan ne babban wurin da ake gudanar da MASA, kasuwar baje kolin wasannin dandali ta Afirka da aka fara a 1993. Rikicin da ya raba ƙasar biyu daga 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2010, sun durƙusar da harkar. An wawashe ginin, MASA ta yi shiru tun daga 2007. Ismaël Isaac ma, bayan Black System na 2000, ya shafe shekara 14 bai fitar da sabon faifai ba.

A 2014 MASA ta dawo. A shekarar ce kuma ɗan Treichville ɗin, yana da shekara 48, ya fito da sabon faifai mai suna Je reste, wato ina nan.