Sai Takarda Ta Dawo

Ɗan ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Ya same ni a zaure bayan la'asar, nan Guri, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo waya yana nuna mini hotunan kaya: oba-oba katan biyu da ƙananan jirage marasa matuƙi guda shida. Wai abokinsa da ke Sin zai ɗoro masa su a jirgi zuwa Kano, shi kuma ya wuce da su Damagaram inda mai saye ke jira. Na ce, ina takardu? Ya ce, "Baffa, ai ba a Najeriya za a sayar ba. Wucewa kawai za su yi. Ina ruwan kwastan da kayan da ba nan za su zauna ba?"

Shekara 38 na yi ina aikin ejan, daga 1983 zuwa 2021, kuma ban taɓa jin maganar da ta ɗaga mini hankali a sana'ar nan kamar wannan ba. Kayan da aka biya wa kuɗin fito an rabu da su lafiya, kowa ya kama gabansa. Kayan wucewa su ne masu hana barci, domin ba a biya ko kwabo a kansu ba. Alkawari kawai aka ɗauka cewa za su fita, banki ya tsaya lamuni, ejan ya sa hannu. In kuwa kayan na sadarwa ne, ƙasa ba kuɗinta kaɗai take tsoron rasawa ba.

Mu 'yan fadama mun san asalin kalmar fito tun kafin mu ga ofishin kwastan. Da damina in kogin Hadejia ya cika ya malale hanya, mai kwale-kwale ne ke fito da mutum da buhunsa. Ba ya cewa ya gama don ya tura jirgi daga wannan gaɓa. Sai ƙafarka ta taka waccan. Da wannan misali maigidana, wanda muke kira Baba, ya fara koya mini aiki, ranar da ya ji daga inda na fito, domin shi ma mutumin ƙasar Hadejia ne.

Allah ya jiƙansa. Tsohon akawu ne na zamanin gyaɗa, ofishinsa ɗaki ɗaya a Fagge, da tafireta, da kabad na ƙarfe, da wani ƙaton kundi mai baƙin bango da ba ya barin kowa ya taɓa sai da hannu a bushe. Kowane shafi an raba shi gida biyu. A hagu ake rubuta kayan da suka tashi. Dama kuwa tana zama fara fat har ranar da takardar sauka ta dawo daga ƙetare ɗauke da hatimin duwan, wato kwastan na Nijar. A ranar zai ɗauki jan biro ya ja layi, ya aike ni banki a warware lamuni. Ban taɓa ji ya ce "mun gama" don mota ta bar Kano ba. In mai kaya ya zo godiya da goro, sai ya ce, "Alhaji, riƙe goronka, sai takarda ta dawo."

Ban cika shekara a wurinsa ba aka rufe iyaka. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin kuɗi ta toshe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986 a zamanin Babangida. Ejan-ejan da yawa suka watse, wasu suka koma bin hanyar daji. Baba bai sallame ni ba. Ya zaunar da ni ina kwafe tsofaffin takardu da hannu, lamba bayan lamba, in na kuskure ɗaya ya yage shafin. A lokacin haushi nake ji. Daga baya na gane idona yake horarwa.

Abin da nake so matasan yau su sani shi ne rakiya, irin wadda muka sani. In na'urar sadarwa ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da niyyar wucewa Nijar, ba a duba katan daga waje a yi sallama. Buɗewa ake yi gaban jami'i, a ciro kowace ɗaya, a juya bayanta, a karanta lambar da ke jikinta da ƙarfi, ni ina bugawa a tafireta da kabon, kwafi huɗu. A mayar, a ɗaure da waya, a matse hatimin dalma. In mota ce cike, a zagaye tamfol da igiya guda wadda ba ta da ƙulli, bakinta biyu su haɗu a cikin dalmar. Sannan jami'in rakiya ya shiga gaban mota kusa da direba, ni ko wani yaron ofis a baya. Mu bi ta Gumel mu nufi Maigatari. Baba ba ya yarda mu isa ranar Alhamis, ranar kasuwa, domin cikin turmutsutsun shanu da raƙuma da motoci ne katan ke yin ƙafa. A bakin iyaka a sake yanke dalma, a sake karanta lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, na Najeriya na ji, na duwan na ji. Sai sun yi daidai a buga hatimi.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, muka raka oba-oba 24 na wasu masu haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar Damagaram. Izinin ma'aikatar sadarwa yana hannu, domin tun dokar 1961 ba a riƙe na'urar aika magana ta iska ba da lasisi ba. Aka karanta 23 lafiya. Ta 24 lambarta ba ta cikin takarda. Iri ɗaya ce, launi ɗaya, amma tsohuwa ce matacciya aka goge aka saka. Kayan sun kwana biyu a wani sito kafin a ɗaure su, a nan aka yi musanyar. Mai kayan ya gaji, rana ta yi zafi, ya ce a gyara lambar da biro a wuce, shi ya yafe. Aka samu waya da ƙyar aka gaya wa Baba. Ya ce a dawo da kayan Kano gaba ɗaya. Na ce, "Baba, mai kaya fa ya yafe." Ya ce, "Shi ya yafe kuɗinsa. Waccan mai ran da ta ɓace tana hannun wa? In gobe aka tsince ta wurin 'yan fashi, lambarta a takardar wa take?" Ya biya kuɗin motar dawowa daga aljihunsa. Kwana tara aka yi kafin na'urar ta fito, kuma mai kayan bai ƙara kawo mana aiki ba. Baba bai taɓa nuna ya yi nadama ba.

Dalilin wannan tsanani kowa a sana'ar ya san shi, domin mun riƙa ganin yadda ake juya wucewa ta ɗaya ɓangaren. Kaya su sauka a Kwatano ko Lome da sunan Nijar, su hau mota zuwa Maraɗi, a biya harajin sake fitarwa a can bisa doka, a jibge a sito. Daga nan dare ya yi, su biyo hanyoyin Ɗan Isa da Jibiya su kwana a Katsina da Kano. Taba sigari da atamfa ne da farko, sai shinkafa da motoci, bayan 2001 da wayar salula ta shigo har da wayoyi. A wurin Nijar halal ne, kuɗin shiga ne. A wurin Najeriya fasa-ƙwauri ne. Yarjejeniyar wucewar kaya ta hanyar mota da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a 1982 ta so a samu takarda ɗaya da lamuni ɗaya daga tashar ruwa har inda za a sauke, amma kowace ƙasa ta ci gaba da riƙe nata. To jami'in da ya san haka ake yi a Maraɗi, don me zai yarda da bakinka cewa naka kayan za su fita su zauna a waje?

Na tuna wani direba ɗan Magarya da muka yi shekaru muna aiki da shi. Ba ya karatun boko, amma in ya shafa dalma da yatsa zai gaya maka ko an taɓa ta. Ya taɓa tsayar da mu a Gumel cikin dare ya ce igiyar tamfol ta yi sanyi a gefe ɗaya. Aka haska, an yanke an ɗinke da zare. Irin waɗannan mutane ba a rubuta sunansu a kowace takarda, amma su suka riƙe aikin.

Sai kwamfuta ta zo. Ban ƙi ta ba, kada a ce tsoho na ƙin zamani. Manhajar kwastan ta Asikuda ta rage mana yawo tsakanin tebura, kuma da aka koma duba kaya a nan gida a 2006 maimakon a ƙasar da aka saya, na'urar haska kwantena ta kama abin da ido ba zai gani ba. Dokar kwastan ta 1958 da muka girma a ƙarƙashinta ma an maye gurbinta a 2023. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da ke kiran kansu ejan alhali ba su da ofis sai waya, da aron lasisin wani suke aiki, ba su taɓa ganin Maigatari da idonsu ba. Suna rubuta "kayan lantarki" a kan katan ɗin da ke cike da na'urar sadarwa, in allo ya nuna an saki kaya su karɓi kuɗinsu su kashe waya. Gefen dama na kundin ba su san da shi ba. Ni kaina an taɓa cin lamunina a wani ofishi saboda takardar sauka ta ɓace a hannunsu, na yi wata bakwai ina zirga-zirga. Abin da ya cece ni kwafin kabon ne da Baba ya koya mini in riƙa ajiyewa.

Kuma zamanin ya fi namu haɗari nesa ba kusa ba. A 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an kashe layukan waya, sojoji kuma suka haramta wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya a Borno domin 'yan bindiga da ita suke magana. Yobe kuwa ga ta nan, Nguru maƙwabciyarmu ce. A 2021 aka kashe layuka a Zamfara saboda dalili makamancin wannan. Shi ya sa jirgi maras matuƙi da ire-irensa sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kafin a ɗora kaya ake nemanta. Wanda ya bari sai sun sauka, kama su za a yi, wataƙila har da shi. Ga iyakar ma ba ta da tabbas. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Maigatari da Illela da Seme da Mfum a Disambar 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk wanda kayansa ke kan lamuni a irin wannan lokaci, kuɗin sito da na banki suna ci, hanya kuwa babu.

Wannan duka na zayyana wa ɗan ƙanen nawa. Na ce ya fara da mai sayen na Damagaram: wane ne shi, me zai yi da jirage shida, ina izinin da hukumomin Nijar suka ba shi a rubuce? Ya ce ta waya suka haɗu, bai san gidansa ba. Na shiga ɗaki na ɗauko masa kundin Baba, wanda iyalansa suka ba ni bayan rasuwarsa, na buɗe shafin 1991 na ce ya karanta lambobin nan 24 da ƙarfi. Ya karanta, ya kai ta ƙarshe inda aka rubuta kwanan wata da jan biro. Ya yi shiru, sannan ya ce zai kira abokin nasa ya dakatar da jiragen. Oba-oba kuwa na ce ranar Litinin zan haɗa shi da wani tsohon yarona a Kano mai lasisin kansa, su je a tambayo izini tukuna.