ZARE: Bajamushen da zanensa ya canja wa dutse mafi tsawo a duniya suna na kusan shekara 50

1/
Jama'a ku matso, yau Himalaya za mu. Labarin wasu 'yan'uwa uku ne daga birnin Munich na Jamus: Hermann, Adolf da Robert Schlagintweit. Sunan gidan nasu sai an daure kafin a iya furta shi, don haka da sunayen farko za mu riƙa kiransu.

2/
A 1854 kamfanin East India Company, wanda ke mulkin Indiya a lokacin, ya ɗauke su aiki bisa shawarar masanin nan Alexander von Humboldt. Aikin a takarda: auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa. Amma su komai suka gani sai sun auna, tsayin duwatsu, zafin ruwa, iska, tsirrai, har da mutane.

3/
Ku lura, a daidai shekarun nan ne wani Bajamushen, Heinrich Barth, ke yawo tsakanin Kano, Kukawa da Tumbutu, shi ma da kuɗin Ingila. Yayin da ake yi ke nan: ilimin Jamus, aljihun Ingila.

4/
Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zanen. Sun dawo da zane-zane kusan 750, da yawansu da fentin ruwa, an soma su ne a can kan tsaunuka. Za ka ce to ina kyamara? Akwai, Robert ma ya ɗauki hotuna. Sai dai kyamarar lokacin kaya ce guda, ga kwalaben sinadarai, ga rashin kala. Kuma sinadarin ba ya bambanta shuɗin sama da farin ƙanƙara sosai, sai ƙololuwar dutse mai nisa ta ɓace cikin sararin sama.

5/
Fentin ruwa kuwa ɗan gwangwani ne da zai shiga aljihu, sai buroshi da takarda. Amma kar ku ɗauka aikin hutu ne. A irin wannan tsayi ruwa kan daskare a bakin buroshi, yatsu su sandare, numfashi ya yi wuya. In rana ta fito kuma, iskar a bushe take ƙayau, fenti ya bushe kafin ka gama jan layi. Ga gajimare da zai iya rufe dutsen da kake zanawa cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ake fara zana layukan da fensir da sauri, kala ta biyo baya.

6/
Kuma su ba don ado suke yi ba. Zanen takardar shaida ce: suna auna kusurwoyi, su rubuta wurin da suka tsaya da ranar. A Agustan 1855 Adolf da Robert sun hau dutsen Abi Gamin har kusan mita 6,785. Babu wani tsayi a rubuce da ya kai wannan a lokacin.

7/
Yanzu ga inda aka samu matsala. A 1855 Hermann ya tsaya a Phalut, kan iyakar Sikkim da Nepal, ya zana wani ƙaton dutse da ya ɗauka shi ne mafi tsawo a duniya. Masana daga baya sun ce Makalu ya zana, wanda ke tare gaban Everest daga wannan sashe. A 1857 kuma, daga Kaulia kusa da Kathmandu, ya hango wani dutse da mutanen wurin ke kira Gaurisankar, ya ce ai shi ne dai wancan.

8/
Shi ke nan fa. Zanen ya yi kyau, mai zanen masani ne, ga lissafi a gefe. Taswirori a Turai, musamman na Jamus, suka riƙa rubuta Gaurisankar a matsayin sunan Everest na asali, yara suna haddacewa a makaranta. Sai a 1903 Kyaftin Henry Wood na hukumar safiyon Indiya ya je Kaulia ya sake aunawa: duwatsu biyu ne daban, tsakaninsu fiye da kilomita 50. Gaurisankar mita 7,134 ne, Everest 8,849.

(Gaurisankar bai tashi a banza ba dai, da layinsa ake saita agogon Nepal, shi ya sa lokacinsu ke da ƙarin minti 45.)

9/
Ni a ganina niyyar Hermann ba ta da laifi. Sunan 'yan ƙasa yake nema wa dutsen maimakon na wani Bature. Inda ya faɗi shi ne yarda da idonsa fiye da kima. Kuma akwai wani abu: bayan sun koma gida, an bai wa ƙwararrun masu zane a Munich wasu zane-zanen sun ƙarasa su. Ke nan mutumin da bai taɓa ganin Himalaya ba ya sa hannu a "shaidar gani da ido". Ku riƙe wannan duk lokacin da kuka ga tsohon zane ana cewa haka wuri kaza yake a da.

10/
Ba su kaɗai suka yi tafiyar ba. Akwai ɗimbin 'yan dako, tafintoci da 'yan jagora. Cikinsu har da wani saurayi, Nain Singh Rawat, wanda daga baya ya shiga Tibet a ɓoye ya kai Lhasa a 1866, yana ƙirga takunsa da carbi don auna nisa. Sunansa a yau ya fi na iyayengijin nasa tashi a Indiya.

11/
Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Sun riƙa shafa wa mutane farar ƙasa a fuska suna ɗaukar siffarsu, fuska 275, don "nazarin jinsi". Sun kwashi ƙasusuwan mutane ma zuwa Turai. Hannun da ya zana tsaunukan nan masu kyau shi ya yi wannan.

12/
A 1857 Hermann da Robert suka koma ta teku. Adolf ya ce shi ta ƙasa zai bi, ta tsakiyar Asiya. Ya isa Kashgar a lokacin da Wali Khan ya ƙwace garin daga hannun Sin. Aka zarge shi da leƙen asiri, aka fille masa kai a watan Agusta, yana ɗan shekara 28. An daɗe kafin gida su tabbatar da labarin.

13/
Littafin sakamakon binciken an tsara shi juzu'i tara, huɗu kawai suka fito, masana a Landan kuma suka yi ta kushe shi. Zanen ne ya fi jimawa. Adolf ya zana ƙanƙarar da ke gangarowa daga Nanga Parbat a 1856, kuma masu nazarin ƙanƙara irin su Wilhelm Kick sun je wuraren sun kwatanta zanen da abin da ke ƙasa, don ganin yadda ƙanƙarar ta matsa cikin fiye da shekara 100. A 2015 gidan tarihin tsaunuka na Munich ya baje kolin zane-zanen ga jama'a.