Rasit ɗin Kuɗin Ruwa da Annobar Kwalara a Landan

A watan Agusta na 1854, wani likita mai shekara 41, John Snow, ya riƙa bin lungunan kudancin birnin Landan yana ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen da aka yi rashi. Annobar kwalara, wato amai da gudawa, tana tsakiyar cin mutane. Tambaya ɗaya yake yi wa masu makoki: wane kamfani ne ke ba gidan nan ruwa? Da yawansu ba su sani ba. 'Yan haya suka ce mai gida ko wakilinsa ne ke biya. Waɗanda ke biya da kansu ma sai sun shiga ɗaki sun lalubo tsohon rasit kafin su iya faɗin sunan kamfanin.

Mutanen nan sun san ranar da ruwa ke zuwa da ranar da mai karɓar kuɗi ke zuwa, amma ba su san inda ake ɗebo abin da suke sha ba. Tarihin ruwan Landan labari ne na yadda aka ɗauki kusan shekara 300 kafin mai biyan kuɗin ruwa ya sami amsar tambayoyi uku: daga ina ruwan yake, wa ya auna lafiyarsa, kuma a kan me aka yanka kuɗinsa.

Ruwa ya zama haja

Kafin bututu ya shiga gidaje, mutanen Landan sun dogara da rijiyoyi, da wuraren ɗiban ruwa na jama'a, da 'yan garuwa masu ɗebowa daga Kogin Thames. A 1582 wani injiniya mai suna Peter Morice ya kafa injin da ƙarfin kogi ke juyawa a ƙarƙashin gadar Landan, yana tura ruwa zuwa gidajen masu hali. A 1613 kuma Hugh Myddelton ya kammala haƙa wata doguwar hanyar ruwa mai kusan mil 40 daga maɓuɓɓugan yankin Hertfordshire zuwa bakin birni. Aikin ya ci kuɗi har sai da Sarki James na Ɗaya ya ɗauki rabin nauyinsa, a kan za a ba shi rabin riba. Da kututturan itace da aka huda ake rarraba ruwan a ƙarƙashin tituna.

Tun daga nan ruwan gida ya zama sana'ar kamfanoni masu neman riba. A farkon ƙarni na 19 sun yi gasa mai zafi, har titi ɗaya yakan ƙunshi bututan kamfani biyu, wannan gida na wannan, na kusa da shi na wancan. Ruwan kuwa ba kullum yake zuwa ba. Wani ma'aikaci ke zagayawa ya buɗe wa unguwa na 'yan sa'o'i a wasu ranakun mako, sannan ya rufe. Masu hali su tara a tanki, talakawa su tara a ganga da bokiti a ɗakin da suke kwana.

Kuɗin ma ba a kan yawan abin da aka sha ake yanka shi ba, don babu mita a gidaje. Dokar 1847 ta tsayar da cewa a biya gwargwadon kimar hayar gida a shekara. Mai babban gida ya biya da yawa, mai ƙarami ya biya kaɗan, ko da mutum ashirin ne a cikinsa. Rasit yana nuna adadin kuɗi da sunan kamfani, bai ce komai a kan tsabta ba.

Kogin da ya koma masai

Ruwa ba ya tsami banza. A da, ƙazantar gidajen Landan tana taruwa ne a ramukan masai, ana kwashewa da dare a kai gonaki. Daga 1815 aka halatta wa gidaje su haɗa magudanarsu da kwatocin birni, waɗanda asalinsu don ruwan sama aka gina su. Bayan gida mai wanke kansa da ruwa ya yaɗu, ramuka suka riƙa cika suna ambaliya, daga 1848 hukumar kula da kwatoci ta shiga rufe su tana juya komai zuwa kogi. An yi hakan da niyyar tsabtace gidaje, domin likitocin zamanin sun yi imani cewa wari da gurɓatacciyar iska ke kawo cuta. Sai dai daga wannan kogin ne kamfanoni da dama ke jan ruwan sha.

Ba a rasa masu ƙorafi ba. A 1827 wani ɗan jarida, John Wright, ya wallafa ƙasida yana nuna cewa bakin bututun wani kamfani yana dab da inda wata babbar kwata ke zuba. A 1829 injiniya James Simpson ya gina wa kamfanin Chelsea matatar yashi, inda ruwa ke tsiyaya a hankali ta cikin yashi da tsakuwa. Burinsa ruwa ya fito garau, kuma ya fito. Sai bayan shekaru da yawa aka gane cewa ɗan gansakukan da ke taruwa a saman yashin yana kama ƙwayoyin cuta. Kwalara kuwa ta shiga Landan a 1832, ta dawo a 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum sama da 14,000.

Gida da gida

Tun 1849 Snow ya rubuta cewa ta baki kwalara ke shiga, ta ruwan da bayan gidan mara lafiya ya gurɓata. Kaɗan ne suka saurare shi. Abin da ya ba shi damar gwada maganarsa shi ne tsohuwar gasar kamfanoni. A kudancin kogi, kamfanin Lambeth da kamfanin Southwark and Vauxhall suna raba tituna iri ɗaya. A 1852 Lambeth ya mayar da wurin jan ruwansa can sama da birni, kusa da Thames Ditton, inda ƙazantar Landan ba ta kai wa. Ɗayan ya ci gaba da ja daga Battersea, a cikin birni. Ga mutum kusan 300,000, masu kuɗi da talakawa, suna shaƙar iska ɗaya a titi ɗaya, ruwa kaɗai ya bambanta su.

William Farr, mai kula da ƙididdiga a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ya ba Snow adireshin mamatan. Inda rasit ya ɓace, Snow yakan ɗebi ruwan gidan a 'yar kwalba, ya ɗiga masa wani sinadarin azurfa da ke sa ruwa mai gishiri ya yi fari kamar madara. Ruwan Battersea ya ninka na Lambeth gishiri kusan sau 40, saboda haka kwalbar kan faɗi abin da mai gida ya manta.

Ga abin da ya samu a makonni bakwai na farkon annobar. A gidaje 40,046 na Southwark and Vauxhall an rasa mutum 1,263, wato 315 a kowane gida 10,000. A gidaje 26,107 na Lambeth an rasa 98, wato 37 a kowane gida 10,000. Maƙwabta biyu, katanga ɗaya ta raba su, amma haɗarin mutuwar ɗaya ya ninka na ɗayan fiye da sau takwas, kuma babu wanda ya san ya zaɓi wani abu.

Yana cikin wannan aiki cutar ta ɓarke a unguwar Soho, kusa da gidansa, ta kashe mutum 616. Snow ya bi sawunta zuwa famfon rijiyar titin Broad, hukumar unguwa ta cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba. Wannan labarin ne duniya ta fi sani. A cikinsa akwai wata gwauruwa da ke zaune can nesa a Hampstead, wadda ake kai wa ruwan wannan famfo a kwalba don ta fi jin daɗin ɗanɗanonsa. Ta sha, ta kamu, ta rasu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ruwan sha, ido da harshe duka sun gaza.

Doka ba ta isa ba sai da mai dubawa

Tun 1852 majalisar dokoki ta umarci kamfanoni su daina jan ruwa daga ɓangaren kogin da ke ƙasa da Teddington, su tace abin da suka ja, su rufe matattarar ruwan da ke kusa da birni. Snow ya rasu a watan Yuni na 1858 ba tare da hukumomi sun karɓi ra'ayinsa ba. A bazarar shekarar warin kogi ya addabi 'yan majalisa a zaurensu, suka amince da kuɗin manyan kwatocin da Joseph Bazalgette ya gina don kai ƙazanta can ƙasa da birni.

Duk da haka kwalara ta dawo a 1866, ta kashe mutum sama da 5,500, akasarinsu a gabashin Landan. Farr ya duba alƙalumansa ya ga mutuwar ta bi bututan kamfanin East London. Bincike ya nuna kamfanin ya saki ruwan da ba a tace ba daga buɗaɗɗun tafkunansa na Old Ford, kusa da gurɓataccen Kogin Lea, saɓanin dokar da ta shekara 14 a rubuce. Farr, wanda da ya fi karkata ga batun iska, ya sallama.

Daga nan aka gane cewa alkawarin kamfani ba hujja ba ne. Masanin haɗa sinadarai Edward Frankland ya riƙa auna ruwan kowane kamfani duk wata, ana buga sakamakon kowa ya gani. Dokar 1871 ta naɗa jami'in gwamnati mai duba ruwa, ta kuma buɗe hanyar ba da ruwa dare da rana, ko da yake sai ƙarshen ƙarnin hakan ya game birni. Bayan Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar kwalara a 1884, awon ya koma ƙirga ƙwayoyin cuta. A 1904 hukumar ruwa ta jama'a ta karɓi ragamar kamfanoni takwas bayan an biya masu hannun jari diyya. A 1916, a ƙarƙashin Alexander Houston, aka fara zuba wa ruwan Landan sinadarin kulorin.

Abin da ya rage a takardar yau

A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwan Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, mafi yawan Landan ya koma hannun Thames Water. Wannan karon an raba aikin sa ido: hukumar Ofwat ke ƙayyade farashi, wata hukumar daban ke duba ingancin ruwan sha. Magidanci ba ya zaɓen kamfani, amma yana iya shigar da lambar unguwarsa a intanet ya ga sakamakon awon ruwan da ke zuwa famfonsa.

Tsohon tsari bai ɓace gaba ɗaya ba. Gidajen da ba su da mita har yau da yawansu suna biya ne a kan kimar hayar da aka yanka wa gidan kafin Afrilun 1990, jikanyar dokar 1847. Kuma kuɗin da ake biya kashi biyu ne: na kawo ruwa mai tsabta da na kwashe mai datti. A kashi na biyun ne rigimar yau take. Bashin da ke kan Thames Water ya haura fam biliyan 15, kuma a 2025 Ofwat ta ci shi tarar sama da fam miliyan 120, mafi yawanta saboda gazawa wajen sarrafa ƙazantar da ke malala cikin koguna.

Kwalara ba ta sake yi wa Landan annoba ba tun 1866. Abin da ya kawo hakan shi ne jan ruwa daga sama da inda gari ke zubar da ƙazantarsa, da tacewa, da awon da wani ba mai sayarwa ba ke yi ya kuma bayyana. Duk mai biyan kuɗin ruwa, ko a wane gari yake, yana da haƙƙin ya tambayi waɗannan ukun, ya kuma adana rasit ɗinsa.