Daga masu raba shayi zuwa kakanni a kan benci

A shekarar 1935 aka tura wani matashin malamin coci mai suna Chad Varah ya jagoranci jana'iza a karo na farko, a yankin Lincoln na ƙasar Ingila. Gawar ta wata yarinya ce da ta fara ganin jinin al'ada, ba ta san ko mene ne ba. Ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta abin kunya ta kama ta, ta duba gabas da yamma ba ta ga wanda za ta tambaya ba, sai ta kashe kanta. Amsar da za ta cece ta ba ta wuce magana biyu ba, kuma kowace babbar mace a unguwarsu ta san ta. Wannan abu ya tsaya wa Varah a rai tsawon shekaru goma sha takwas.

A wancan zamani, yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar Ingila. Wanda Allah ya tsawaita kwanansa yana iya tashi daga gadon asibiti ya tsinci kansa gaban alƙali. Sai a 1961 aka soke dokar. To, wa zai fito ya ce ransa ya ƙuntata har haka, alhali ya san abin da ke jiransa? Mutane suka riƙa haɗiye abin a cikinsu.

A 1953 aka ba Varah cocin St Stephen Walbrook da ke tsakiyar Landan, unguwar bankuna da ofisoshi, inda mazauna ba su da yawa, saboda haka yana da sarari. Ya sa wayar tarho, ya sanar a jaridu cewa duk mai tunanin halaka kansa ya kira. Ranar 2 ga Nuwamba aka soma. Ba a daɗe ba jama'a suka fi ƙarfinsa, har layi ake yi a ƙofar ofishinsa. Wasu 'yan sa-kai suka zo taimako, aikinsu kawai su zuba wa masu jira shayi, su zauna da su kafin layi ya zo kansu.

Nan ne abin ya faru, ba da shirin kowa ba. Varah ya lura cewa da yawa daga masu jiran nan, bayan sun amayar da abin da ke cikinsu ga mai zuba shayi, sai su tashi su tafi gida ba tare da sun shiga wurinsa ba. Mai shayin bai yi wa'azi ba, bai ba da shawara ba, bai ce "haba, kai kuwa" ba. Ya dai saurara. Ni a ganina girman Varah yana nan ne: bai ji haushin an kauce masa ba. A 1954 ya miƙa wa 'yan sa-kan aikin sauraron kacokan, kuma daga nan ƙungiyar, wadda ake kira Samaritans, ta tsaya da ƙafarta. Ta bazu a Birtaniya da Ayalan, daga baya aka kafa Befrienders International a 1974 domin sauran ƙasashe.

Sai dai ɗan sa-kai a bakin waya, komai kirkinsa, ba lalle ne ya taɓa shiga halin mai kiran ba. Gidan yari ne ya kai abin mataki na gaba. A 1990 wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe kansa a kurkukun Swansea da ke Wales, abin ya girgiza ƙasar. Shekara ta zagayo, aka fara wani tsari a wannan kurkukun: Samaritans su zaɓi wasu fursunoni, su horar da su, su zama masu sauraron 'yan uwansu fursunoni. Wanda aka kulle wa ƙofa a darensa na farko, ga kunyar iyali, ga tsoro, zai yi wuya ya buɗe cikinsa ga gandiroba mai riƙe da makulli. Amma idan aka kawo masa wanda shi ma ya kwana a irin wannan ɗaki, yana cin irin abincin da yake ci, harshe yakan saku. Abin da aka faɗa sirri ne, kuma su ma masu sauraron ana zuwa a saurare su, domin kayan da suke ɗauka ba ƙarami ba ne. Tsarin ya yaɗu zuwa mafi yawan gidajen yarin Birtaniya.

A nahiyarmu kuwa, Zimbabwe ce ta buɗe nata babin. Dakta Dixon Chibanda, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar, ya rasa wata majinyaciyarsa a 2005. Ta kashe kanta a ƙauye, kuma abin da ya hana a kawo ta Harare kuɗin mota ne. Ya fahimci cewa jiran mutane a asibiti ba zai yi ba. Sai ya horar da tsofaffin mata a unguwar Mbare da ke Harare, aka ajiye musu bencin katako a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka su yi magana da harshen Shona, har zama shida. Bayan nan sai a haɗa shi da waɗanda suka riga shi zama a bencin, su riƙa haɗuwa, suna hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji su sayar. Binciken da aka buga a mujallar JAMA a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka bi ta hannun kakannin sun fi samun sauƙin ciwon damuwa a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya maye gurbin likita, kuma kakannin an koya musu su gane lokacin da ya wajaba a miƙa mutum asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi, inda likitan ƙwaƙwalwa ya yi nisa, maƙwabci kuwa yana kusa.

Dokar da Ingila ta yar a 1961 kuma ta bar mana gadonta. Sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta cire irin wannan hukunci daga dokokinta a 2023.